Kwamfutoci ashirin masu Pentium 4 a zafin bazara: nazarin lamarin wata cibiya

Wurin da kayan da ke cikinsa

Cibiyar koyar da kwamfuta ce a wani birni na arewacin Najeriya. Ɗaki ɗaya ne mai tsawon mita 7 da faɗin mita 5, rufin kwano da silin, tagogi biyu duk a bango guda, fankar sama uku. Ana koyar da buga rubutu, Word da Excel, da atisayen jarrabawar da ake rubutawa a kwamfuta. A watan Nuwamba mai cibiyar ya sayo kwamfutocin tebur 20 na hannu, irin tokumbon da ofisoshin Turai suka gama da su aka lodo a kwantena. Zamanin da Windows 7 ke tashe ne, shi aka ɗora musu.

Duk ashirin ɗin furosesa iri ɗaya ce a cikinsu, wato ɓangaren da ke aiwatar da umarnin kwamfuta: Pentium 4 630, mai gudun 3.0 GHz, mai ma'ajiyar kusa ta mataki na biyu 2 MB, zaune a soket ɗin LGA 775. Intel ya ƙayyade zafin da dole a iya kwashe mata a kan wat 84. Madabod ɗin kuwa, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, iri biyu ne, ko da yake ba wanda ya lura a lokacin: 14 na ɗauke da cifset (sashen da ke haɗa furosesa da sauran kayan) mai lamba 915G, shida na ɗauke da 945G. Kowace tana da RAM 1 GB nau'in DDR2-533. An jera su layi huɗu, akwatunan a ƙarƙashin tebur, bayansu manne da katako.

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu ba a samu ƙorafi ba. Hunturu ne, ɗakin da sanyinsa, ƙura na shiga ta taga ba mai damuwa da ita.

Irin furosesar da aka saya

Pentium 4 ta fito a Nuwamban 2000 da sabon tsarin gini na ciki da Intel ya kira NetBurst. Manufar tsarin guda ce: a ɗaga bugun agogo, wato gudun furosesa da ake aunawa da GHz, sama iya yadda zai yiwu. Kamfanin ya taɓa hasashen cewa gidan zai kai 10 GHz. Rukuni na farko, Willamette, an ƙera shi a ma'aunin nanomita 180 da tiransisto (ƙananan makunnan lantarki) miliyan 42. Northwood ya biyo a Janairun 2002 a nanomita 130. Sai Prescott a Fabrairun 2004, a nanomita 90, da tiransisto miliyan 125. Lamba 630 'yar gidan Prescott ce, daga rukunin da ya fito a 2005 aka ninka masa ma'ajiya zuwa 2 MB.

Dabarar ɗaga agogo ita ce a tsinka aikin kowane umarni zuwa matakai ƙanana da yawa. Duk wanda ya taɓa ganin ranar zuba dakin ya san abin: lebura a jere daga wurin kwaɓa kankare har sama, kowa ya karɓi kwano ya miƙa wa na gaba. In aka ƙara mutane a layin, tazarar da kowa zai miƙa ta ragu, hannu ya riƙa sauri. Willamette da Northwood matakai 20 ne a layinsu. Prescott 31.

Amma shirin kwamfuta cike yake da mararraba: in kaza ne a bi nan, in ba haka ba a bi can. Furosesa ba ta tsayawa jiran amsa, hasashe take yi ta cika layin da umarnin hanyar da take zato. Ranar da birkila ya leƙo ya ce kwaɓin nan ba daidai ba ne, duk kwanon da ke hannu sai an zubar an sake farawa daga ƙasa, kuma layi mai mutum 31 ya fi gajere asara. Wutar da aka ƙona wajen miƙa waɗancan kwanonin ta riga ta zama zafi.

Akwai wasu siffofi biyu da suka shafi wannan lamari. Na ɗaya, NetBurst na da mai fassara umarni guda ɗaya tak, ta dogara ne da wata ma'ajiya ta musamman da ke riƙe ƙananan umarni kusan dubu 12 da aka riga aka fassara. In shirin bai samu a cikinta ba, komai sai ya bi ta wannan ƙofa ɗaya. Na biyu, tana aika umarni wurin aiki tun kafin ta tabbatar bayanan da yake buƙata sun iso. In ba su iso ba, umarnin ya zagayo a sake gwadawa, wani lokaci sau da yawa. Ga kuma yoyon wuta: a nanomita 90 rufin ƙofar tiransisto ya sirance zuwa kusan nanomita 1.2, wuta na tsiyaya ko ba a aiki, kuma tsiyayar na ƙaruwa da ƙaruwar zafi. A Mayun 2004 Intel ya soke Tejas, wadda ita ce za ta gaji Prescott, a Oktoban shekarar ya soke samfurin 4 GHz. Gidan ya tsaya a 3.8 GHz.

Abu na ƙarshe: Intel ya nemi masu haɗa akwatin Prescott su tabbatar iskar da fankar furosesa ke zuƙa ba ta wuce digiri 38 a ma'aunin Salsiyas ba. Shi ya sa akwatunan zamanin ke da huda a murfin gefe da wani mazurarin roba da ke fuskantar furosesa.

Tsakiyar Maris: farkon matsalar

Da safe komai lafiya. Daga wajen ƙarfe sha biyu sai kwamfutocin su fara nauyi: a danna harafi ya ɗan jinkirta kafin ya fito, a buɗe Excel a zauna jira. Fankokin ciki su ɗauki ƙugi har malami sai ya ɗaga murya. Ajin ƙarfe biyu ya fi kowa shan wahala, can wani ya ɗaga hannu, "Malam, tawa ta daskare," can wata ta ce tata ta mutu. Ajin bayan magariba kuwa da sauƙi.

Zuwa ƙarshen wata alamun sun kasu uku. Dukkan ashirin ɗin suna nauyi da rana. Huɗu suna mutuwa ɗif, ba gargaɗi, kuma ba sa yarda su tashi sai sun huta na wasu mintuna. Biyar kuma suna sake tashi da kansu, wani lokaci bayan shuɗin allo. Ba a rubuta wannan rabe-rabe a lokacin ba, duk "kwamfuta na ba da matsala" ake cewa.

Ƙarshen Maris: fomatin, RAM da buɗe murfi

An fara da zargin bairos, tunda ɗalibai na zuwa da filas daga ko'ina. Aka yi wa duka fomatin aka sake ɗora Windows, aikin kwana uku. Washegari da rana nauyin ya dawo yadda yake.

Aka ƙara wa kowace RAM 1 GB, nau'in DDR2-667 da aka samu a kasuwa, ya zama 2 GB. Wannan ya yi amfani ta wani gefen: tashi ya yi sauri, faifan ajiya ya daina yawan ƙara in an buɗe shirye-shirye biyu ko uku. Nauyin rana bai motsa ba.

Aka zargi janareta, aka sa sitabilaiza a layin da masu sake tashi suka fi yawa. Ba canji. Daga nan aka cire murfin gefe na kowane akwati, aka kawo fankar tsaye biyu ana hura musu. Nauyin ya koma farawa wajen ƙarfe ɗaya maimakon sha biyu. Huɗun nan masu mutuwa ɗif suka ci gaba da mutuwa.

Makon farko na Afrilu: sayen furosesa mai lamba babba

Wani mai sayar da kayan gyara ya ba da shawarar cewa 3.0 GHz ta yi kaɗan, a sa mai 3.6. Aka sayo Pentium 4 560 guda uku don gwaji. Soket ɗaya ne, sun zauna daram.

Lamba 560 Prescott ce ita ma, amma ta rukunin wat 115, kuma ma'ajiyarta 1 MB ce, rabin ta 630. Intel ya raba madabod na LGA 775 na wancan lokaci gida biyu: 04A mai iya ciyar da furosesar wat 84, da 04B mai iya ɗaukar 115. In aka sa ta wat 115 a madabod na 04A, lambar ninkinta, wadda ake ninka bugun madabod da ita a sami gudun furosesa, kan sauka zuwa 14, wato 14 sau 200 MHz, 2.8 GHz. Haka ya faru da ɗaya daga cikin ukun: an biya kuɗin 3.6, ta tashi a 2.8, ƙasa da wadda aka cire. Sauran biyun sun tashi a 3.6 ɗin, sai dai ƙarfen shanye zafin da ke kansu zallar alminiyam ne, wanda aka yi wa wat 84, ba mai zuciyar tagulla ba. Su ne suka koma fara nauyi tun ƙarfe goma na safe. Bayan kwana biyar aka mayar da 630 ɗin.

Mako na biyu na Afrilu: makon awo

A nan ne aka kira mai gyaran da ya ƙi taɓa komai sai an yi awo. An ɗauki kwana huɗu, ana rubutawa sau uku a rana: ƙarfe tara, ƙarfe biyu, ƙarfe bakwai na yamma.

Zafin ɗakin, a tsayin tebur kuma ajin cike da mutane: digiri 34 da safe, 42 da ƙarfe biyu, 37 da yamma. Da aka mayar da murfin wani akwati aka zura ma'auni kusa da fankar furosesa, ya nuna 49 da ƙarfe biyu. A akwatin da ke buɗe, 44.

Auna furosesar kanta ya fi wuya. Pentium 4 ba ta da ma'aunin zafi na lamba irin wanda ya zo da Core 2, furosesar Intel da ta biyo bayanta. Wata 'yar diyod ce a cikinta da madabod ke karantawa, don haka shirin auna zafi na Core Temp ba ya ganin komai, sai shirin SpeedFan ko shafin BIOS, wato shafin saitunan madabod. Karatun ma kan bambanta da digiri da yawa daga madabod zuwa wani, ba a kwatanta na wannan da na wancan. Abin da aka nema shi ne ko furosesar na rage wa kanta gudu. Tun Willamette akwai wata kariya a ciki mai suna Thermal Monitor: zafi na kai wani mizani da aka saita a masana'anta, sai ta riƙa kashe agogo tana kunnawa cikin ƙiftawar ido, aikin ya ragu har zuwa kusan rabi. Abin da ke ruɗar masu gyara shi ne Windows da CPU-Z, shirin da ke nuna bayanan furosesa, za su ci gaba da nuna 3.0 GHz. Sai da shiri irin RMClock ko ThrottleWatch ake ganin layin yana faɗuwa.

Aka kuma ware aiki ɗaya na gwaji: matse babban fayil guda da 7-Zip, ana duba agogon hannu. A wata kwamfutar tsakiyar layi ya ɗauki minti 4 da daƙiƙa 10 da safe, minti 7 da daƙiƙa 25 da ƙarfe biyu. RMClock ya nuna rage gudu a dukkan ashirin ɗin da rana, a tara daga ciki har da safe.

Da aka ciro fankokin, ga abin da aka tarar. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen akwai ƙura da ta dunƙule kamar bargo, kauri ya kai rabin yatsa, ana ɗaga ta da farce ta taso gaba ɗaya. Daga waje ba a ganinta, fikafikan fanka sun rufe. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a rani. Huɗun nan masu mutuwa ɗif, kowace akwai ƙusar roba ɗaya ko biyu cikin huɗun da ke riƙe ƙarfen da ta saki, ƙarfen ya karkace yana taɓa gefe guda kawai. Kariya ta biyu, wadda ke yanke wuta gaba ɗaya in zafi ya kai matakin lalata, ita ke kashe su. Biyar masu sake tashi kuwa, kafasitocin da ke kewaye da soket, 'yan gwangwanayen da ke daidaita wutar furosesa, sun kumbura, wasu sun fitar da tsatsa ruwan kasa a kai. Akwati 13 ba su da fankar baya, takwas sun rasa mazurarin gefe.

An auna wuta ma. Kowace kwamfuta da monitarta na jan kusan wat 125 in tana zaune, 190 in tana aiki sosai. A tsaka-tsakin aji, kusan wat 3,000 ke nan, kamar a kunna rishon lantarki uku a ɗakin a rufe ƙofa. Mutum 20 a zaune suna ƙara kusan wat 2,000 na zafin jiki. Fankar sama ba ta fitar da ko ɗaya waje, juya shi kawai take yi.

Ƙarshen Afrilu: gyaran da aka yi

An bi kowace kwamfuta da tsari ɗaya. A cire fanka daga kan ƙarfen, a kai waje a hure da bulowa, yatsa na riƙe da fikafikai don kada gudun iska ya kashe mata gindi. A goge tsohon mai da auduga da sifirit har ƙarfe ya yi ƙyalli. A ɗiga sabo daidai ƙwayar wake ƙarama a tsakiyar murfin furosesa, ba a shimfiɗa shi da yatsa, matsi zai baje shi. Kafin a mayar, a juya kan kowace ƙusa saɓanin kibiyar da ke jikinta, a ja ta sama. Wannan kibiya ta cirewa ce, kuma yawancin ƙusoshin da ake samu a sake an bar su ne a wajen cirewa. A danna biyu masu kallon juna ta kusurwa, sannan sauran biyun, a ji ƙas sau huɗu. Sai a leƙa bayan madabod a tabbatar farin bakin kowace ya fito ya buɗe, baƙar tsinkar ta shige tsakiyarsa. Ƙusoshi shida sun karye, aka sauya.

Kafasito 31 aka canza a madabod biyar. Sharaɗin: yawan mikrofarad daidai da na tsohuwar, boltej daidai ko sama, mai jure digiri 105, kuma nau'in da ake yi wa madabod mai ƙarancin turjiya, ba na rediyo ba. A kula da ƙafar da ke da zanen ragi. Madabod na da faranti na tagulla a ciki da ke shanye zafin ayan ɗin narka dalma, don haka ƙaramin ayan na wat 30 ba ya narkar da dalmar. Da na wat 60 aka yi. Huɗu sun warke. Na biyar, hanyar tagulla ta ɗago wajen cirewa, aka ajiye shi. Saura 19.

Aka sa fankar baya mai milimita 92 a duk akwatin da ba shi da ita, tana fitar da iska waje. Inda mazurari ya ɓata aka yanka gorar roba aka maye. Aka mayar da murafe, aka ja akwatuna taƙi ɗaya daga katako. A BIOS aka kunna C1E da SpeedStep, dabarun rage gudu da cin wuta in furosesa ba ta aiki, inda akwai su, kodayake ribar kaɗan ce: ƙasan lambar ninki a wannan gida 14 ne, don haka 630 ba ta sauka ƙasa da 2.8 GHz ko tana zaman banza.

Ɗakin ma an taɓa shi. An fasa bangon da ke kallon tagogi aka sa fanka mai zuƙe iska guda biyu, inci 12, kusa da silin. An ɗage labule aka sa raga. Ajin ƙarfe biyu ya koma ƙarfe huɗu da rabi.

Sakamako a makon farko na Mayu: mutuwa ɗif da sake tashi sun ƙare. Zafin ɗaki da ƙarfe biyu ya sauko zuwa 39 ko 40, iskar bakin fanka 42. Aikin gwaji minti 4 da daƙiƙa 5 da safe, ba rage gudu ko kaɗan. Tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu kuwa, in aka matsa musu aiki na minti goma, layin RMClock na sake faɗuwa, gwajin na kai minti 5 da rabi.

Mayu: Core 2 a tsohon soket

Core 2 Duo ta fito a Yulin 2006, ita ma a LGA 775. Ba daga NetBurst ta fito ba. Zuriyar Pentium M ce, wadda ƙungiyar Intel da ke birnin Haifa na Isra'ila ta tsara wa kwamfutar tafi-da-gidanka, ta fito a 2003, ita kuma jikar Pentium Pro ce ta 1995. Layinta matakai 14, masu fassara umarni huɗu, ma'ajiyar bayanai ta farko 32 KB inda Prescott ke da 16. An sayo E6300 guda biyu don gwaji: ƙwaƙwalwa biyu a ciki, 1.86 GHz, wat 65.

A madabod mai 915G, fanka ta juya, allo baƙi, ba ƙara. An gwada uku, duk haka. Ramin ɗaya ne amma cifset ɗin bai san furosesa mai ƙwaƙwalwa biyu ba, kuma sashen da ke ba ta wuta an gina shi bisa ƙa'idar VRD 10.1, Core 2 kuwa tana buƙatar VRD 11. Ba sabunta BIOS da zai gyara wannan. Pentium D ma ba ta tashi a 915G, kuma ko da za ta tashi, Prescott biyu ce a gida ɗaya: 820 wat 95, 840 wat 130.

A 945G abin ya danganta da bugun madabod ɗin. Cikin shidan, biyu na baya-bayan nan ne masu VRD 11. Aka sabunta musu BIOS tun da tsohuwar furosesa a ciki, sannan aka sauya, suka tashi. Sauran huɗun ba su tashi ba. Lambar bugun na rubuce a jikin madabod, da an duba ta a jerin furosesocin da mai ƙera shi ya wallafa, da ba sai an kwance su ba.

Yuni zuwa Agusta: sauya madabod

Mai cibiyar bai yarda nan take ba. Tambayarsa ita ce, "Injiniya, ta yaya za a cire uku a sa ɗaya da ɗigo takwas, a ce an ci gaba?" Aka ajiye biyu gefe da gefe da ƙarfe biyu na rana aka sa musu fayil ɗin gwaji. E6300 ta gama a minti 2 da daƙiƙa 20, fankarta ko ɗaga murya ba ta yi ba.

Aka riƙa sayen madabod na hannu masu cifset G31 tare da E6300, huɗu ko biyar a wata, gwargwadon kuɗin da ya shigo. Akwati, fawafak (mai raba wa kayan ciki wuta), faifan ajiya da ƙarfen shanye zafi duk na da ne, tunda ramukan ƙusa iri ɗaya ne. Wurin da aka yi tuntuɓe shi ne RAM: G31 a hukumance DDR2-667 da 800 yake ɗauka, kuma yawanci rami biyu gare shi. Sandunan 667 da aka ƙara a Maris sun yi aiki, tsofaffin 533 kuwa wasu madabod sun karɓa wasu sun ƙi, sai da aka sayo ƙarin 667 guda tara. Fawafak biyu da aka buɗe aka ga kafasitocinsu sun kumbura, aka canza su ɗungurungum. An sake ɗora Windows a kowace maimakon a bar tsohon ya yi ta neman direbobi.

Zuwa ƙarshen Agusta, 15 na kan Core 2, huɗun nan masu tsohon bugun 945G suna kan 630 ɗinsu, an mayar da su layin da ke bakin taga. Aka kafa dokar hure ƙura sau biyu: ƙarshen Disamba da ƙarshen Fabrairu.

Bazara ta gaba

An maimaita awon a mako na biyu na Afrilu. Zafin ɗaki da ƙarfe biyu 39. Kwamfuta mai E6300 da monitarta na jan kusan wat 95 a zaune, 135 a aiki. Ba a ga rage gudu a ko ɗaya daga sha biyar ɗin ba, gwajin bai wuce minti 2 da daƙiƙa 25 ba a kowane lokaci. Huɗun Pentium 4 lafiya suke a buga rubutu. In aka matsa musu da rana suna rage gudu kamar bara. Ajin ƙarfe biyu ya koma lokacinsa.

Hukunci

Cuta uku ce ta haɗu aka ɗauke ta ɗaya. Ƙusar da ta saki ita ke kashe huɗu, kafasito ke tayar da biyar, zafin iska ke nauyaya duka. Da an rubuta alamun daban-daban tun Maris, tare da lokacin da kowace ke faruwa, da fomatin ɗin kwana uku da sitabilaiza ba su taso ba. Bairos ba ya duba agogo ya jira azahar.

Sayen 560 shi ne kuskure mafi tsada, garin neman ƙiba aka samo rama. Furosesar da ke yanke rabin aikinta saboda zafi ba gudu ta rasa ba, kuma ƙarin kashi 20 cikin ɗari na agogo ya zo da ƙarin wat 31 da ba inda za a kai su. Ƙarin RAM kuwa ba asara ba ne, maganin wata cutar ce daban da ita ma tana nan.

Gyaran Afrilu ya yi duk abin da gyara zai iya yi, kuma shi ya kamata a fara da shi ko da za a sauya madabod daga baya, domin Core 2 ma a ƙarƙashin bargon ƙura za ta rage gudu. Iyakar zafin murfinta ma ta fi ta Prescott ƙasa. Inda ya tsaya lissafi ne: an tsara ƙarfen da fankar ne a kan iska mai digiri 38, kuma fankar zuƙe iska ba ta iya sanyaya ɗaki ƙasa da iskar waje. A garin da inuwa ke kai 40 a Afrilu, Prescott ba ta da sarari sai da na'urar sanyaya ɗaki, wadda za ta kwashe wat 5,000 a kan man janareta. Kafasitocin ma zafin ne ya gaggauta musu, tunda ƙa'idar masu ƙera su ita ce kowane ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwarsu, ga shi kuma madabod na shekarun nan sun yi ƙaurin suna da kafasito marasa inganci.

E6300 ta yi nasara ne don tana gama aiki mai yawa a kowane bugu, tana zubar da kwanoni kaɗan in hasashe ya kuskure, sannan ta koma 1.6 GHz da ƙaramin boltej ta huta. Aikin aji kusan duk jira ne, ɗalibi na neman harafi a kibod, kuma a wannan jiran ne 630 ke ci gaba da zama a 2.8 GHz tana tsiyayar da wuta.

Barin huɗun ƙarshe a kan Pentium 4 daidai ne: madabod ɗinsu lafiyayyu ne, aikinsu buga rubutu, wurinsu bakin taga. Abin da za a riƙa dubawa a kansu shi ne kafasitocin gefen soket a kowace hurar Fabrairu, kuma duk wadda tata ta kumbura, G31 za a sa mata maimakon a sake kama ayan.